Ƙofar da Aka Faɗaɗa wa Bilki

Duk wanda ya saba bin bayan tashar Anka da hantsi ya san matar nan mai tuyar awara a gindin dogon yaro, wadda ko ta tashi tsaye ba ta miƙewa duka. Sunanta Uwani. Ba ta wuce arba'in da 'yan kai ba, amma bayanta ya tanƙware kamar na tsohuwa. Ba ciwo ne ya tanƙwara shi ba, goyo ne. Shekara goma sha biyar ta yi tana goyon ɗiya guda.

A wata tunga kusa da Abare ta yi aure. Mijinta Lirwanu manomin gero da dawa ne, mutum mai sanyin hali. Da aka gano zinari a dajinsu, maza suka riƙa kawo dutse cikin buhu har tsakar gida, mata na dakawa kafin a kai inji. Uwani ta daka nata kamar kowa, a turmin da take surfe, ɗiyarta Bilki na goye a bayanta, yayyen yarinyar biyu na birgima cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a dutsen. Cikin bazara guda aka fitar da gawa biyu daga ɗakinta.

Bilki ta rayu. Likitoci sun zo da magani, ma'aikata suka kankare ƙasar gidan suka zuba sabuwa, amma gubar ta riga ta yi aikinta. Ƙafafun yarinyar ba su taɓa ɗaukarta ba, hannunta na hagu ba ƙarfi, magana kuma sai ta jawo ta a hankali, kalma bayan kalma. Mutane kan ɗauka ba ta gane komai. Uwarta kaɗai ta san babu abin da ke wuce ta.

Bayan shekara huɗu ramin haƙar zinari ya rufta da Lirwanu, suka rage su biyu a gidan.

Gidan ƙasa ne irin na kowa. Dokin ƙofar ɗakin ya kusa kai gwiwa, don kada ruwan damina ya shiga, ƙofar kuwa ko mai ɗauke da ƙwarya sai ya karkace. Salga tana can ƙarshen gida bayan rumbu. Kullum Uwani za ta durƙusa, Bilki ta rataya mata hannu a wuya, ta ɗaure zane ta yunƙura. Zuwa salga, zuwa inuwa, komawa ɗaki in rana ta juya. Tun ƙafafun yarinyar na tsayawa a ƙugunta, har suka kai gwiwa, har suka fara jan ƙasa. An taɓa ba su keken guragu a asibiti, amma bai shiga ƙofar ba, sai ya zama wurin shanya a bayan ɗaki.

Wata ranar Talata wata matashiya mai suna Hafsa ta yi sallama, jaka a kafaɗa. Ma'aikaciyar wata ƙungiya ce da ke taimaka wa masu naƙasa su gyara gidajensu yadda za su iya zama ciki. Ta tarar da Uwani na ƙetare dokin ƙofa da goyo, ta yi tsaye ta kasa gaisuwa.

"Inna, kullum haka kuke yi?"

"To, ya za mu yi, ɗiyata? Shigo ki zauna."

Hafsa ta auna ƙofa, ta leƙa salga, ta yi rubutu. Ta ce ƙungiya za ta sayi siminti da katako da ƙarfe, ta kuma biya magini. Sharaɗi ɗaya ne: dole gidan ya zama mallakin wadda za a taimaka wa, da shaida a rubuce.

"Ai gidan ubanta na," in ji Uwani.

"An raba gado?"

Ba a raba ba. Liman ya yi musu bayani a zaurensa: Bilki na da rabi, Uwani na da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, sauran kuwa na Nuraddeen ne, ƙanen marigayi. Sai da yardar Nuraddeen za a taɓa ko tubali guda. Nuraddeen kuma tun bayan sadakar bakwai ɗin wansa ya bar gari, ba waya, ba saƙo. An ce dai yana bin ramukan zinari ta wajen Bukkuyum.

Uwani ba ta taɓa wuce Anka ba a rayuwarta. Ta bar Bilki wajen maƙwabciyarta Sahura, ta soke takardar da liman ya rubuta mata a lalitarta, ta hau kabu-kabu. A kasuwar Bukkuyum aka ce an gan shi bara. Tafiya ta biyu ta kai Nasarawa Burkullu, aka ce ya tashi da wata guda. Sai damina ta sauka, hanyoyi suka yanke, ta zauna tana ƙirga ranakun kasuwa. Wata bakwai ke nan da zuwan Hafsa kafin ta same shi, a wani wurin wankin zinari bayan Adabka, tsugune cikin laka da kwano a hannu. Ya rame har sai da ta duba sau biyu.

Da ya gane ta, kwanon ya suɓuce masa. Ya fito ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa.

"Yaya, lahiya? Ko yarinyar ta…"

"Tana nan da ranta. Ta girma, har ta hi ni tsawo."

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Bai bari ta gama ba ya ce ya bar wa Bilki rabonsa duniya da lahira, a kira mutum biyu su shaida. Aka kira abokan aikinsa, wani ya kawo tawada, ya dangwala yatsa. Ya miƙa mata takardar.

"Kin san abin da ya hana ni komawa," ya ce. "Ni na kawo buhun farko cikin wanga gida. Ni na ce ma Yaya Lirwanu ya bar noma."

Uwani ta naɗe takardar.

"Kai ka kawo shi," ta ce. "Ni na daka shi, Nuraddeen. Da hannuna, tana bayana. In gudu na magani, da ni ya kamata in riga ka."

Ya rufe fuska da hannayensa masu laka. Ta ce ya zo ya ga yarinyar ko sau ɗaya. Ya ce zai zo. Har yau bai zo ba.

Bayan ƙaramar salla aka turo magini daga Anka, Malam Shafi'u, dattijo mai yawan barkwanci. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aiki. Ya sare dokin ƙofa, ya haƙa magudanar ruwa a madadinsa, ya faɗaɗa ƙofar ɗaki da ta zaure. Ya shimfiɗa siririyar hanyar siminti daga ɗaki zuwa salga, daga ɗaki zuwa waje, da gangare mai sauƙi a bakin zaure. A salga ya gina mazauni, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Bilki na zaune a tabarma tana bin kowane motsinsa da ido. Rana ta shida ta kira shi.

"Baba magini."

"Na'am, uwar ɗakina."

"Taga. Ƙasa-ƙasa. In ina kwance, in ga hanya."

Malam Shafi'u ya duba takardar aikin, babu taga a ciki. Ya sosa ƙeya, ya ce takarda ba ta taɓa kwanciya a ɗakin nan ba, ina za ta sani. Washegari ya zo da tsohuwar taga daga gidansa ɗaure a bayan babur, ya fasa bango daidai kan gadonta ya sa.

Ranar da siminti ya bushe, aka wanke keken aka zuba masa mai. Uwani ta ɗora ta a kai, ta kama bayan za ta tura. Bilki ta ce, "Sake, Inna." Da hannun dama ta murza taya, keken ya karkata ya daki bango. Ta gyara, ta sake. Sai da ta yi gumi kafin ta kai zaure, sannan gangaren ya ɗauke ta a hankali ya sauke ta a bakin hanya, ita kaɗai, tana da shekara goma sha shida. Ta yi wata irin dariya da Uwani ba ta taɓa ji ba. Matan unguwa suka fito suna guɗa.

Wata rana da na tsaya sayen awara, Uwani ta gaya mini wani abu da ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce washegari da safe ta durƙusa a gaban gado kamar kullum, ta juya baya tana jira, sai ta ji ƙarar taya ta wuce ta. Ta daɗe a durƙushe da zane a hannu. Murna take yi, ta rantse murna take yi, amma wani abu ya soke ta a ƙirji, har ta shiga madafa ta yi kuka ba tare da ta san na mene ne ba.

Bilki ta kafa tire a ƙofar gida, gyaɗa da alawa da ashana. Ta san sunan kowane mai babur da ke bi ta wurin, ta san wanda ya yi sabon aure da wanda akuyarsa ta ɓata. Da yamma ita ke ba uwarta labarin gari, a hankali, ba ta tsallake komai. Maganarta ma ta ɗan saki. Uwani ta koma gona, ta shuka wake a bayan gida, ta fara kwana ba ciwon baya.

Wata biyar suka yi a haka.

Ana gab da girbi 'yan bindiga suka ƙone tungar da ke gabas da su. Da hantsi mai gari ya aika gida-gida cewa kowa ya fita kafin la'asar. Uwani ta sami mai babur da ƙyar. Aka zaunar da Bilki a tsakiya, ita a baya tana riƙe da ita, ƙullin kaya a ka. Mijin Sahura ya ɗora keken a kan amalanke tare da buhunansa. Bilki ba ta yi kuka ba. Ta dai ce a rufe tagar, kada ruwa ya jiƙa katifa. Uwani ta koma da gudu ta rufe.

A Anka suka kama ɗaki guda a wani gidan haya mai iyali shida. Matakala uku ne a ƙofar ɗakin, keken ba ya hawa, makewayi kuma ɗaya ne ga kowa, sai an bi layi. Uwani ta nemi ofishin su Hafsa har ta samu. Hafsa ta rungume ta, ta saurare ta, sannan ta sunkuyar da kai.

"Inna, wallahi na kai maganarku har sau biyu. Sun ce tallafin na mai gidan kansa ne. Gidan haya ba a taɓa shi."

"Ai muna da gida. Ke kinka gani. Takarda ma ga ta."

"Na sani, Inna."

"To mi za ni yi da shi, in ɗauko shi bisa kai?"

Hafsa ta raka ta har titi tana share ido da gefen hijabi. Uwani ta roƙi mai kula da gidan ya bari ta zuba ƙasa a kan matakalar ko da kuɗin awararta. Ya ce da nasa ne da ya bari, amma gidan marayu ne, amana ce a hannunsa, ba ya iya canza komai sai sun girma. Ba ta ga laifinsa ba.

Da rani ya yi, aka ce hanya ta ɗan lafa, wasu mata suka haɗa kai za su je su ga abin da ya rage. Uwani ta bi su. Ta tarar an kwashe kwanon rufi, an ɓalle ƙyauren ɗaki da na zaure, an tumɓuke ƙarfen salga har da guntun bango. Tagar ma babu, sai rami. Damina ta ci kan katangar, rumbu ya zube. Hanyar simintin ce kaɗai ba abin da ya same ta. Ta samo tsohuwar tsintsiya ta share ta tun daga ɗaki har bakin zaure, matan na kiranta su tafi kada yamma ta yi musu.

Ta iso Anka bayan la'asar, ƙafafunta fari fat da ƙura. Bilki na kwance, fuskarta wajen ƙofa.

"Inna, ya gida?"

"Shina nan lahiya."

"Tagata?"

"Tana nan, a rufe yadda kinka ce."

Bilki ta kafa mata ido. Uwani ta juya tana neman buta.

"Ke ba ki iya ƙarya ba, Inna."

Uwani ta zauna a bakin katifa, butar a hannunta, ta faɗa mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Yarinyar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta miƙo hannunta mai ƙarfin ta kama gefen zanen uwarta.

"Kada ki sake tahiya," ta ce. "In sun kama ki, wa gare ni?"

Uwani ta yi mata alkawari, kuma ba ta sake zuwa ba. Yanzu tana fita da awara bayan ta gyara Bilki, ta dawo kafin azahar, don yarinyar ba ta iya jira fiye da haka. Maganar Bilki ta koma ja kamar da, wani lokaci ta wuni ba ta ce uffan ba. Sahura, wadda ke zaune a wata unguwa, takan zo ranar Juma'a ta yi mata kitso. In mutanen tungarsu suka tsaya sayen awara, zancen ɗaya ne, yaushe za a koma. Uwani ba ta sa baki. Takan tambaye su dai ko da yaji za a sa.