Malfar Ƙanena a Hanyar Guci

Ana kiran assalatu muka ɗaura wa jaki kaya muka bar Magariya, ni da ƙanena. Shi zabiya ne, farar fatarsa ba ta jure rana, kuma tafiyar tasa ce. Akwai wata bazawara a Guci da suka daidaita, danginta suka ce sai sun gan shi da idonsu, don wai zabiya ba ya iya ciyar da mace, yini ɗaya a gona ya kwantar da shi. Saboda haka abu ɗaya na sa a gaba: in kai shi Guci da fuskarsa lafiya lau. Ga shi kuwa tsakiyar bazara.

Shiri kam mun yi. Riga mai dogon hannu, rawani har kan hanci, ga malfa mai faɗi kamar faifai wadda innarmu ta ƙara wa baki da kaba. Da safe muke tafiya, sai kuma da la'asar. In hantsi ya ɗaga mu nemi gindin gawo, tunda shi ke da ganye a wannan lokaci, mu dama fura mu miƙe. Rairayin hanyar nan kuwa, jaki ma sai da ya riƙa waiwayowa yana hararata.

A kasuwar Dungas muka sayi ƙuli-ƙuli da nono, nonon da rabinsa ruwan rijiya ne, mai shi tana ta rantsuwa. Nan wani dattijo ya liƙe mana, wai hanyarmu ɗaya. Tun kallon farko bai kwanta mini ba. Bai faɗi sunansa ba, sai tambaya: wace gona ƙanena ke nomawa, yaushe yake fita, me yake shafawa. Na ce a raina, ko dai ɗan rahoton Nasara ne mai neman waɗanda za a kwasa aikin hanya, ko irin masu farautar gashin zabiya su kai wa boka. Ko salkarmu ban bari ya taɓa ba. In ƙanena ya zagaya bayan kalgo, ni ma sai fitsari ya kama ni.

Bayan mun wuce Dungas, da hantsi, muna hango inuwar da za mu huta, sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, bisa doki yana kaɗa bulala. Wai kumandan, Baturen mulki, na tafe rangadi, kowa ya tuɓe hula ya zauna bakin hanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi fatarsa, don Allah a bar masa malfar nan." Ya ce, "Kai za ka koya mini aiki? Ya cire, ko ya ɗauki kaya ya bi mu." Ƙanena ya ce, "Yaya, bari." Ya cire malfa, ya warware rawani.

Wallahi har rana ta take tsaka kumandan bai zo ba. Ina kallon goshin ɗan'uwana yana ja, kunnuwansa na kumbura, idanunsa na zubar da ruwa, ba halin ko hannu in tara masa. Ji na yi kamar ni ake gasawa. Da mutumin ya iso, sai ga shi shi ma jawur, da ƙatuwar hula kamar akushi, wani na biye da shi da laima. Ashe ya san zafinta! Ko kallonmu bai yi ba. Dattijon nan kuwa ido kawai ya zuba wa ƙanena. Da aka sallame mu ya miƙo ɗan kurtun man shanu, na ce mun gode, muna da namu.

Kafin mu shiga Guci fuskar ta yi bororo, leɓe ya tsattsage. Na ce mu raɓe a wani ƙauye har ta warke, ƙanena ya ce an sa rana, ba zai fara da saɓa alkawari ba. Dattijon ya rabu da mu a bakin gari. Muka yi sallama a zauren gidan, wa zan gani zaune bisa buzu? Shi! Ashe kawun matar ne, aiko shi aka yi ya tare mu, ya ga yadda ƙanena ke kwashewa da rana.

Ya dubi ƙanena ya ce, "Samari, ba sai na yi bayani ba, fuskarka ta yi. Rabin yini ke nan. Ina ga damina guda?" Na ce, "Haba Baba, ai kana wurin! Da son ransa ya cire?" Ya ce, "Ina wurin. Ku sha ruwa, za mu yi shawara." Kowa ya san ma'anar wannan shawarar: an hana shi auren ke nan.

Ta burtali muka dawo, don kada mu sake gamuwa da wani doki. Mun iso Magariya fatar na saɓa kamar ta albasa, innarmu na shafa masa man kaɗanya tana kuka. Abin da na koyo shi ne, rufe jiki da neman inuwa su ne maganin rana, mai irin fatarsa kuma ya guji babbar hanya. Duk wanda ya cika tambaya a tafiya, a fara tambayarsa shi ɗan gidan wa ne.

Fuskar dai ta warke. Amma tun da muka dawo ƙanena ya tsiri fita sharar gona da tsakar rana, kai a buɗe, wai sai jikinsa ya saba. Ba zai saba ba, na sani, shi ma ya sani. Jiya ma har bakin gona na bi shi da malfar a hannuna, ko waiwayowa bai yi ba.