Muryar Akwatin Kaka

Gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun yi nisa, ba kuma zan rantse a kan duk abin da zan rubuta ba. Wasu abubuwan na gani da idona, wasu kuwa an yi ta maimaita su a gidanmu har na kasa raba su da waɗanda na gani. Ina jin abin ya faru ne 'yan shekaru bayan babban yaƙin duniya, lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ban kuma daɗe da aure ba.

Gidanmu a unguwar Jarwal yake, cikin Makka, kuma a cikinsa akwai wani akwatin kiɗa da kakana ya bari. Na katako ne, mutum zai iya rungumarsa, yana da madannai farare da baƙaƙe irin na piyano, a bayansa kuma akwai zuga-zugi na fata. Hannu ɗaya na zuga iska, ɗaya na dannawa. An ce a Sawakin ya saye shi wurin wani Bahindiye, a shekarun da suka yi a Sudan suna aiki kafin su ƙetaro teku. Aikinsa ɗaya ne a gidanmu. Duk jaririn da aka haifa, kafin ranar suna sai an kaɗa masa wata waƙar reno da suka taho da ita daga Kano. Kakana na kaɗawa, kakata na rerawa. Da ya rasu sai ta haɗa duka biyun. Ni ma an yi mini, ko da yake ba zan ce na tuna ba.

A Makka ta wancan zamani kayan kiɗa ba abin nunawa ba ne. Idan labari ya kai inda bai kamata ba, ana iya zuwa a fasa abin a ƙofar gida. Ba zan shiga maganar hukuncinsa ba, malamai sun yi ta, ni kaina kuma na sha jin nauyinta. Abin da na sani shi ne, ana rufe tagogi, a lulluɓa wa akwatin bargo, sannan a kaɗa a hankali.

Lokacin aikin hajji mukan bar wa alhazai ɗakunanmu mu koma saman gida, maza kuma su tafi neman na abinci a Mina da Arfa. A wannan shekarar an tura akwatin ƙarƙashin matakala, kusa da randar ruwa. Da alhazai suka watse aka jawo shi, sai aka tarar ɓeraye sun yi walima da fatar, laima kuma ta shiga ciki. Kaka ta zuga, ta danna. Ba abin da ya fito sai huci, kamar tsohon jaki a hawan dutse.

Matata kuwa cikinta na fari ya tsufa.

Kaka ta sa aka kira ni. Kamar yadda kakanni ke yi da jikoki, ba ta kirana da komai sai angonta.

"Angona, ka ji abin da ya samu muryar gidan nan? Ɗanka ba zai sauka a gidan bebaye ba. Kai ne mai karatu, je ka nemo wanda zai gyara."

Na ce, "Kaka, ba a koya mana wannan a makaranta ba."

"To me aka koya muku? Tashi."

Na kwana biyu ina juya abin. Na ga sharuɗɗa biyu ne: mutum ya iya aikin, kuma ya iya rufe baki. Saboda tsoro irin nawa, sai na sa rufe bakin a gaba. Haka na kai ga wani mai gyaran agogo, mutumin Buhara, a wata 'yar rumfa kusa da Harami. Na yi ta zuwa ina tsayawa kamar mai ciniki, ban taɓa jin ya yi wa kowa magana fiye da amsa sallama ba. Na ce to, an samu.

Sai dai mai gyaran agogo ba ya shiga gida haka kawai, 'yan unguwa za su tambaya. Mu kuwa ba mu da agogon bango, kiran sallar Harami ya ishe mu. Dole na ari na maƙwabcinmu, lafiyayye sumul, na rataye shi, na sa hannu na tsayar da abin da ke lilo a cikinsa. Da mutumin ya zo ya dubi agogon, ya tura abin da yatsa ɗaya, agogo ya ci gaba da tafiya. Sannan ya dube ni. Ban san abin da fuskata ta gaya masa ba, amma bai yi mamaki ba da na jawo akwatin.

Ya toshe hujin fatar da tsumma don a ɗan sami iska, ya buɗe cikin. A ranar na fara ganin cewa kowane madanni yana da ɗan harshe na tagulla da iska ke kaɗawa. Ya fito da wani ƙarfe mai yatsu biyu, ya buga a gwiwarsa, ya kai kunne, ya rinƙa gwada muryoyin da shi. Kaka na bayan labule, ni ina tafinta, don Larabcinta na cefane ne kawai. Ya ce fatar ba wuya. Amma wani wanda bai san aiki ba ya taɓa goge wasu harsunan da magagari, ya kawar da su daga inda aka yi su, sai an mayar da su daidai da ƙarfensa. Ni kuma na fassara duka, ban rage komai ba.

Daga bayan labule Kaka ta ce, "Tambaye shi, waɗanne ne?"

Ya danna mata su ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan su kaɗai ne masu lafiya," in ji ta. "Wanda bai san aikin ba kuwa kakanka ne. Akwatin ya zo yana yaren Hindiya, ya yi ta gogarsa har ya koyi Hausa. A ba baƙo shayi."

A gidanmu idan Kaka ta ce a ba baƙo shayi da wannan murya, an sallame shi ke nan. Dole in yi masa adalci. Ya faɗa da bakinsa cewa shi da ƙarfensa kaɗai ya iya saita murya, bai san wata hanya ba. Kuma iyakar sanina, bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Goggona ce ta kawo maganar wani Bazazzagi a unguwar Tandabawi, mai gyaran risho da keken ɗinki, wanda aka ce ya taɓa aiki a Hartum a shagon da ake gyara irin waɗannan akwatuna. Na san shi, kowa ma ya san shi, don tun daga bakin lungu ake jin muryarsa. Na ce sam, wannan kafin la'asar duk Makka ta ji. Kaka ba ta yi gardama ba. Ta ba ni wani mataccen risho, ta ce in kai masa, in zauna har ya gama, in dawo in gaya mata abin da ya ce.

Na dawo kunnena na ƙara.

"Me ya ce?"

Na ce ya ba ni labarin jakinsa da ba ya son hanyar Jidda, da raƙumin da ya tofa masa yawu a Sudan, da yadda tuwon Zazzau ya fi na Kano, da ciwon bayansa, da maganin ciwon bayan, da yadda maganin ya ƙara masa ciwon.

"Gidan wa ya ambata?"

Na yi tunani. Ban tuna ko ɗaya ba.

"Duk tarin kayan da ke rumfarsa, ya ce maka wannan na wane ne, wancan na matar wane?"

Na ce a'a.

"To je ka kira shi. Bakinsa a buɗe tun safe, amma ba abin wani da ya faɗo daga ciki."

Ya zo da hantsi, da sunan gyaran keken ɗinkin goggo. Tun daga lungu yake ɗaga murya: "Ina gidan Kanawan nan da suka kashe keke?" Kaka kuwa daga bayan labule ta amsa, "Wa ya bar ƙofa a buɗe har Bazazzagi ya shigo? A ƙirga takalma." Wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa ya san gaisuwa ce wannan, kuma sun ɗauko ta tun daga can ba su yar a hanya ba.

Da ya ga akwatin bai taɓa shi nan da nan ba. Ya tambayi wa ya saya, wa ke kaɗawa, me ake kaɗawa da shi. Da ya buɗe ya ga sawun magagari, sai ya ce, "Iya, mai gidan nan ya sha aiki." Ban ga fuskar Kaka ba, amma na ji ta ce a kawo masa shayi, da wata murya dabam.

Fatar ya sauya da ta akuya, ya goge tsatsar da laima ta bari. Amma tsatsar ta riga ta ci wasu harsunan, muryarsu ta kauce, kuma ba wanda ya san inda suke a da sai waƙar.

"Iya, sai kin rera in ji."

"Ni? In yi waƙa a gaban ƙato? Tun da nake ban taɓa ba."

"Wane ƙato? Haƙorana nawa suka rage?"

"Ko ba ka da ko ɗaya. Zan rera wa angona a sama, shi ya sauko maka da ita."

Nan fa aka shiga uku. Ban ɓoye wa kowa ba cewa ba ni da kunnen waƙa, tun a makaranta ake ajiye ni a sahun baya idan za a rera wani abu. Kaka ta rera mini baiti ɗaya a ɗakin sama, na riƙe shi da kyau, na sauko matakala a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Kafin in kai ƙasa rabi ya zube. Na buɗe baki na ba shi abin da ya rage.

"Ustazu," ya ce, "waƙa aka ba ka ko kiran awaki?"

Na koma. Na sauko. Na sake komawa. Kowace saukowa da irin waƙar da nake kawowa, har matata ta rufe baki da mayafi tana riƙe ciki. A wata saukowar na rantse masa wannan karon daidai ne, ya goga kawai. Sai ya daina dariya, ya fara tattara kayansa.

"Ustazu, tagulla ba ta tsiro. Abin da na goge ya tafi ke nan. In na bi muryarka, zan ba tsohuwar nan akwati mai ƙara, amma ba na mijinta ba. Gara in bar shi bebe yadda na same shi."

Ya ɗaure jakarsa. Ba wasa yake ba, kuma duk gidan ya gane haka. Ina tsaye a tsakiyar matakala, ban san ko in hau ko in sauka ba.

Sai muka ji Kaka ta kira matata.

"Ke, zo ki zauna nan bakin labule. Zan yi wa na cikin nan gwaji, kada ya fito ya ji baƙon abu. Da shi nake, ba da kowa ba. In kuma akwai Bazazzagi mai satar ji a ƙasa, wannan halinsu ne, ba ruwana."

Ta rera. Muryar ta tsufa, tana rawa a wurare, amma ba ta ɓata hanya ba. Bazazzagi ya kwance jakarsa a hankali. Wannan ne kaɗai lokacin da na gan shi bai ce komai ba. Ta kai ƙarshen baiti, ya danna, ya saurara, ya taɓa harshe ɗaya da magagari kamar mai share hawayen jariri, sannan ya yi tari. Tarin nan shi ne ya zama alama. Duk sanda ya yi, sai Kaka ta ce wa matata, "Bai ji da kyau ba, bari in sake masa."

Aikin bai ƙare a rana ɗaya ba. A watan nan keken goggo ya yi ta lalacewa, har maƙwabta suka fara ba ta shawarar ta sayar da shi.

Mace aka haifa. Kafin suna, bayan la'asar, aka rufe tagogi, aka kawo bargo, Kaka ta zuga ta danna, akwatin ya amsa. Ta kai waƙar har ƙarshe ba ta tsaya ba, sannan ta bar hannunta a kan katakon. Goggo ta tambaye ta ko ya yi. Ta ce shi ne, muryarsa ce, sai dai madanni ɗaya ya ɗan yi sama, a gaya wa Bazazzagi. Na kai saƙo Tandabawi. Ya ce in gaya mata akwati na nan inda tsohon ya bar shi, maƙogwaronta ne ya sauka, shi kuma ba shi da magagarin wannan. Da na dawo da amsar ta yi dariya har da hawaye, ta ce a aika masa da tuwon suna, na Kano, ya ci ya san bambanci.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Akwai wuraren da nake shakka. Ƙanwata ta ce agogon maƙwabcin bai sake tafiya daidai ba bayan na mayar, ni kuma ina ganin ƙari ne. Wani ya ce mutumin ba ma Bazazzagi ba ne sosai, Kaka ce ta mayar da shi don ta sami abokin faɗa. Waƙar kuwa ba ni da bakin tabbatar da ita, 'yata ce ta riƙe. Idan akwai wanda ya zauna a Jarwal ko Tandabawi a shekarun nan, ya san mutumin ko ya ji akwatin ta bayan taga, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Zan karɓa da godiya, muddin ba a ce in rera ba.