Akwatin Lukuman Mai Gyaran Komai

Lukuman ɗan gwaggona ne, ni kuma 'yar kawunsa, saboda haka bawana ne halak malak, ba wanda zai hana ni tona shi. A unguwar Hashimi aka haife shi. Ungozoma ta rantse sai da ya gyara ƙafar gadon da aka haife shi a kai sannan ya yi kukan farko.

Boko ta ƙi shi kamar yadda ta ƙi ni, sai ya bi mahaifinsa, Baba Siddiq, gida-gida: nan famfo na ɗiga, can fanka ta tsaya, gaba ƙyaure ya sauka. Da tsohon ya rasu bai bar gona ba, bai bar fili ba. Akwatin ƙarfe shuɗi ya bari, cike da zarto da filaya da sufanu waɗanda suka girme ni. Shekara goma sha ɗaya akwatin nan ke ciyar da Lukuman da matarsa Ummukulthum da 'ya'ya huɗu.

Bara, a hanyar Chaza, wasu masu riguna masu ƙyalli suka tare kekensa, suka ce ina takardar izinin sana'a. Gogan ya ɗaga musu hannuwansa, wai su ne takardarsa. Suka kwance akwatin suka jefa a mota.

A ofishinsu ya tarar da Malam Bamalli, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki da minti biyar. Ya zaro fom.

"Sana'a?"

"Duk abin da ya lalace, ranka ya daɗe."

"Kai, gurbi ɗaya ne a nan. Kafinta, mai famfo, ko mai wayarin lantarki? Zaɓi ɗaya, kawo wasiƙar ƙungiyarsu, ka ɗauki akwatinka."

Kafintoci suka ce mai taɓa ruwa ba nasu ba ne. Masu wayarin ko benci ba su ba shi ba. Shugaban masu famfo, Oga Bamidele, shi ne mai kirki, har ya ba shi ruwan leda.

"Wane oga ya yaye ka? Ina takardar firidom?"

"Babana ne ya koya mini."

"To, kawo shi ya sa hannu mana."

"Yana maƙabarta, Oga."

"Ah, Allah ya jiƙan Baba. Amma ba firidom, ba wasiƙa."

Wata bakwai yana wannan zarya, har takalminsa ya san hanyar ofis shi kaɗai. Masu kiransa suka koma kiran wasu. Ummukulthum ta fara suyar awara a ƙofar gida. Ranar da ya zo aron guduma wurina na miƙa masa taɓarya, na ce, "Ungo, bawana, ita ba ta buƙatar firidom." Bai rama ba. Lukuman da ko a zaman makoki sai ya kira ni mai kan tulu!

Makon jiya Bamalli ya aika a kira shi. Ya sa rigar Juma'a ya tafi da kekensa, har da sabuwar robar ɗaure kaya. Ashe makullin sito ne ya lalace, siton da suke tara kayan da suka kama; da dutse ake tokare ƙofar.

"Ɗauko akwatinka ka gyara mana," in ji Bamalli, ya wuce sallar azahar. Kowa ya bi shi. Saura Lukuman, akwati, keke, ƙofa a buɗe.

Da yake ba ni labari na dafe ƙirji. "Ba ka gudu ba? Wallahi kan tulun naka ne!"

"Luba," ya ce, "Baba bai taɓa fita da akwatin nan daga gidan mutane a ɓoye ba. Kuma ƙofar fa a karkace take."

Ya daidaita ƙofar, ya canja makullin, ya goge tsatsar filaya da gefen rigar Juma'arsa. Sannan ya mayar da akwatin ciki ya kulle. Bamalli ya dawo ya jijjiga ƙofar da duk tumbinsa, ko motsi ba ta yi ba.

"Kai, ashe kafinta ne na gaske!" ya ce, ya karɓi ɗan makullin ya jefa a aljihu. "Sai ka kawo wasiƙarsu."