Kifin Baba a Bazarar da Wuta Ta Lalace

Baba ya dawo Zuru da akwatin gilashi cike da ƙananan kifaye lokacin da ya yi ritaya daga soja. Wani abokin aikinsa ne ya bar masa shi a bariki, har da injin da ke hura iska cikin ruwan da matatar da ke tace shi. Jajaye ne da masu ɗigo-ɗigo, ba su kai ɗan yatsa ba, kuma haihuwa suke yi ba ƙaƙƙautawa. Baba bai taɓa yarda a fitar da ko ɗaya ba.

A farkon shekarun dubu biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Na bar ɗakin da nake haya kusa da makarantar da nake koyarwa, na dawo gida jinya. Ciwon ya tafi da Hausarsa da Turancinsa na bariki, ya bar masa C'lela kaɗai, yarensu na Zuru, ni kuwa a bariki na girma, abin da na sani bai wuce gaisuwa ba. Sai ya zamana yini muke a falo ɗaya ba mu fahimtar juna. Kujerarsa tana gaban gilashin. Kifin yake kallo, da hannunsa mai lafiya yake barbaɗa musu abinci, ya manta ya ba su, ya sake.

Ana tsakiyar bazara taransifomar unguwarmu ta ƙone. Injin iska ya yi shiru, matatar ruwan ta tsaya. Washegari ruwan ya yi fari-fari yana ƙarni, kifayen duk sun taru a sama suna buɗe baki. Na tsamo matattu da cokali ina kare su da jikina, amma ya gani. Ya buga hannun kujera yana ta magana, miyau na zuba, ni ban gane ko kalma ɗaya ba. Ranar ya ture kunu, ya ture magani.

Cikin ruɗewa na kwashe ruwan duka na zuba sabo mai sanyi daga rijiya. Kafin la'asar wasu sun kife ciki sama. Na zauna a ƙofar kicin na yi kuka, na tashi na ɗauki moɗa. Na lura idan na ɗebo ruwan na tsiyayo shi daga sama yana kumfa, sukan ɗan sauka ƙasa. Da na tsaya sai su dawo. Haka na yi ta tsiyaya har kafaɗata ta ƙage. Makaranta ma aikawa na yi na ce ba ni da lafiya.

Na aika garin Dabai a kira Gwaggo, ƙanwar Baba. Kafin ta iso na tuna da robar ƙarin ruwa da ta rage daga asibiti, mai ɗan maɗaurin da ake rage gudun ruwa da shi. Na ari tsohon tub na mota wajen mai faci, na ari famfon keke, na cika tub ɗin da iska, na ɗaure robar a bakinsa da zaren roba, na jefa ɗaya bakin cikin ruwa. Kumfa ta fara tasowa siririya. Iskar ba ta daɗewa, sai na koma na buga famfo, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na huda gindin gorar roba, na cusa soso da gawayi da tsakuwa, na rataye ta a ƙusa bisa gilashin, ina zuba ruwan yana tsatsowa. Soson ya yi baƙi nan da nan. Na ɓoye gwangwanin abincinsu don kada abincin ya ƙara ɓata ruwan, Baba ya bi ni da ido kamar na yi masa sata.

Gwaggo ta iso a kan acaɓa, ta leƙa gilashin, ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi haka? Sun yi yawa ne. Ko akuyoyi ka tara haka a ɗaki guda mutuwa za su yi."

"Na sani, Gwaggo. Ba zai yarda ba. Ki gaya masa, ni ba ya jina."

Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna gabansa. Sun daɗe suna magana da C'lela, muryarsa na hawa tana sauka, ni ina buga famfo. Can ta juyo ta ce, "Ba kifin yake ma faɗa ba. Tun shekaranjiya yake ce miki ki rage su, ki huta. Ya ce dubi hannunki."

Na saki famfon. Baba kuwa ya kau da kai.

Mun wanke babbar randa, muka zuba tsohon ruwan gilashin, muka ƙara na rijiya kaɗan-kaɗan bayan ya sha iska. Shi ya riƙa nuna waɗanda za a bari da ɗan yatsa, ina kamo sauran da rariya. Fiye da rabi suka fita. Wasu suka zauna a randar a inuwar zaure, wasu Gwaggo ta tafi da su Dabai a bokiti, kuma da yawa ba su kai can da rai ba. Babban jan da ya fi so shi ma ya mutu bayan kwana biyu, duk da kumfar.

Wuta ba ta dawo ba sai da aka yi ruwan farko. Har lokacin ina buga famfo safe da rana da yamma, sai dai waɗanda suka rage sun daina taruwa a sama. Baba ya koma shan kunu, rabin kofi, wani lokaci ƙasa da haka. Gwaggo ta ƙara mako guda tare da mu, tana koya mini yadda ake tambayar mutum da C'lela ko yana jin ƙishirwa, ko a juya shi, ko wani wuri na yi masa ciwo.