Muryar da Arvel Ya Bi Har Alabama

Arvel Stamper direban babbar mota ne a gabashin jihar Tennessee ta Amurka, kuma har ya yi ritaya bai iya rera waƙa ba. Ko a coci baki kawai yake motsawa. Amma kunne, Allah ya ba shi. Akwai wata tsohuwar waƙar bishara, ta ƙetare kogi zuwa gida, da ta shiga ransa. Duk mawaƙin da ya rera ta a faifai, sai Arvel ya nemo faifan.

Ran Lahadi, bayan an ci soyayyar kaza da burodin masara, sai ya yi ta sa faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Wani mawaƙin in ya sauke murya ƙasa har gilashin taga sai ya yi rawa. Wani kuma ya cika iyayi, ya riƙe baiti ya ƙi saki.

"Arvel, waƙar nan fa ɗaya ce," in ji matarsa Dovie. "Kullum sai an ƙetare mana kogi a falo. Ni na gaji da jiƙewa."

"Ba ki ji inda ya ja numfashi ba?"

"Na ji. Kai ma ja naka ka zo ka wanke kwanuka."

Wata Asabar a kasuwar gwanjo ya tsinci wani faifai duk ya karce, an rubuta Iyalin Crabtree da sunan wani ƙauye na jihar Alabama a jikinsa. Da ya sa shi a gida, maza uku suka fara, ba yabo ba fallasa. Sai muryar wata budurwa ta taso ta bayansu, ta yi sama, ta tsaya cak ba rawa. Tsikar jikin Arvel ta tashi. Dovie ta fito daga kicin da tsumma a hannu, ta kasa komawa.

Ya yi ta cigiya coci-coci har aka ce masa mai muryar tana raye, Lurleen sunanta, tana gidan kula da tsofaffi. Suka ɗauki hanya su biyu.

Sun same ta a keken guragu, ta haura tamanin, gashi fari fat. Arvel ya kunna mata faifan. Ta rufe ido har ya ƙare.

"Kai, ji gaggawa!" ta ce. "Kamar ana korar yarinyar nan. Ai lokacin ban binne kowa ba, ɗana."

Ta gyara zama ta soma rerawa. Muryar ta dushe, numfashi ba ya isar ta. Da ta zo inda budurwar ta yi sama, ba ta ko gwada ba, sai ta bi ta ƙasa a hankali, kamar tana gaya wa wani na kusa da ita. Mai jinya da ke wucewa ta ajiye farantin magani. Wani tsoho a bakin ƙofa ya shiga amsa mata da murya mai kauri. Arvel ya cire hularsa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Da ta gama ta nemi ruwa, ta tambaya ko sun zo mata da alewa.

Tun daga ranar suka riƙa zuwa duba ta. Da ta rasu a bazarar da ta biyo baya, danginta suka sa Arvel cikin masu ɗaukar akwatin gawarta.