Kifin da ban nuna wa rana ba

Ina wanke ragowar wani kifi mai suna bas da maigidana ya kamo a wani tafki a Summerfield, sai na ga ɗigo-ɗigo rawaya cikin tsokar. Na taɓa ɗaya da wuƙa, ya motsa. Tsutsa ce. Mun riga mun ci rabin kifin, ga ni da cikin wata biyar.

Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai, shi da a da ke kula da gurup ɗin masu kamun kifinmu a waya. Ina yarinya, yakan yanki tsoka ya ɗaga saitin rana ko zai ga tsutsa, hannu duk ƙarni, ya kanne ido ɗaya ya ce, "'Yar nan, kifin tafki a nuna wa rana kafin a nuna wa wuta."

Na ɗauki hoton tsutsar na tura a gurup. Wani ya rubuto, "Ƙarin nama ne, Anti, kyauta!" Tir! Da Kawu na nan, da ya goge shirmen ya kira ni.

Sai da la'asar wata nas da na tambaya ta ce tunda kifin da muka ci ya soyu sosai, ni da jaririn babu abin da zai same mu.

Allah ya kai haske kabarinka, Kawu.