Malam Alhasan Tankari, Kocin da Ya Sauya wa Ƙungiyarsa Gasa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Alhasan Tankari a shekarar 1966 a birnin Maraɗi. Mahaifinsa Malam Tankari dillalin fata ne, sunan mahaifiyarsa Fasuma. Ya yi karatun allo da na boko a gida, sannan a 1989 ya samu gurbin karanta ilimin motsa jiki a wata jami'a da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ƙwallo dai bai iya ta can ba, abokansa ma ba sa ɓoye wannan, amma wajen tsara masu buga ta babu kamarsa.

Aiki da Aure

A 1995 jami'ar ta ɗauke shi kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai baƙi, waɗanda galibinsu Musulmi ne 'yan Afirka ta Yamma. A 1998 ya auri Habsatou, suka kama haya a unguwar Dengfeng. Daga 2001 ƙungiyar ta shiga gasar baƙi mazauna gari, wadda 'yan kasuwa suka kafa ƙarƙashin jagorancin Alhaji Babayo, wani Bakano mai safarar yadi. Ranar Lahadi ake wasa, a tashi a ci tuwo tare.

Sauya Gasa

A 2008, gabanin gasar Olamfik, sabunta biza ya yi wuya, 'yan kasuwa da dama suka koma gida, gasar Lahadi ta fara watsewa. Jami'a kuwa ta sanar da shi cewa ba za ta riƙe ƙungiyar da ba ta da gasa ba. Hankalinsa ya tashi matuƙa, ya nemi shiga gasar hukumar wasannin jami'o'in yankin, kuma ya fice daga tsohuwar tun kafin sabuwar ta tabbatar da shi. Alhaji Babayo ya ɗauki hakan cin fuska, ya rantse a gaban jama'a cewa ba za a sake karɓarsu ba.

Hukumar ta karɓe su na gwaji. A nan ne Malam Alhasan ya gano gangancin da ya yi: bai taɓa tambayar ranar wasa ba, don a tunaninsa duk duniya Lahadi ake ƙwallo. Wasannin rukuninsu kuwa ranar Juma'a ne da azahar, jim kaɗan bayan liman ya sauko daga mumbari.

Shekarar Gwaji

Ya yi ta zarya yana roƙon a canza musu rana, amsar da yake samu ɗaya ce, "mei yo", wato babu. Sai ya koma jera motocin haya a bakin masallacin da ke kusa da titin Liuhua Lu, liman na sallamewa yara su afka ciki, su sauya kaya a hanya. Cunkoson hanya ya sha cin amanarsu, aka riƙa ba abokan hamayya nasara ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A bazarar 2009 hukumar ta yi musu gargaɗin ƙarshe, cewa in suka sake rashin halarta an cire su. Tun daga nan ya rame, hawan jini ya kama shi, kowace Alhamis abinci ba ya wuce masa. Ya taɓa ce wa Habsatou, "Ni na fito da yaran nan daga inda suke. In aka kore su, wallahi ban san inda zan kai su ba."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar wata Juma'a a watan Nuwamban 2009, yana da shekara arba'in da uku. Ranar ce wasansu na ƙarshe na gwaji, kuma motocin da ya yi wa magana tun Laraba sun zo sun jeru kamar kullum. Bayan sallar Juma'a aka sallace shi. 'Yan wasan sun san abin da rashin zuwansu zai jawo, amma babu wanda ya nufi filin wasa. Motocin nan suka shiga, suka bi gawarsa zuwa maƙabartar Musulmi, suka sa shi a kabari da hannunsu. A makon da ya biyo baya hukumar ta cire ƙungiyar, jami'a kuma ta rushe ta.

Ya bar matarsa Habsatou da 'ya'ya uku: Issa, Saffana da Rahila. Allah ya jiƙansa da rahama.